Dakakkiyar Albasa

Gidan su Ɗahiru a Jega gidan fawa ne tun kaka da kakanni, amma da za ka duba ɗakin matarsa Umaima tun daga bakin ƙofa har ƙarƙashin gado, ba za ka tsinci ko wuƙar yankan farce ba. Ɗahiru bai gane haka da ido ba. A miya ya gane.

Tun da ya dawo daga asibiti, albasar da ke cikin miyarsa dakakkiya ce. A ƙasar da albasa take kamar ƙasa, a ce mace ta rasa yadda za ta yi da ita sai ta jefa turmi! Kuɓewa a yanke take sayowa, kabewa kuwa sai ta ɗauka ta shiga maƙwabta da ita ta dawo da gutsattsari. Ya daɗe yana haɗiye tuwonsa a haka.

Ba abin ɓoyo ba ne, ciwon taɓin hankali ya yi. Barci ne ya fara ƙaurace masa, sai kuma muryoyi suka shiga yi masa magana a kunne, suna cewa ga wasu nan tafe za su ɗauke masa mata. Ranar da abin ya kai maƙura, ya zare wuƙarsa ta fiɗa ya zauna a ƙofar ɗaki yana gadi, Umaima tana ciki tun hantsi har la'asar. Bai taɓa ta ba, bai taɓa kowa ba. Shi a ransa tsaronta yake yi. Amma ita abin da ta gani ta labule, mijinta ne da wuƙa tsirara da idanun da ba su san ta ba.

Wansa Alu ya kai shi wurin wani mai magani a bayan Andarai, aka saka masa mari har ƙafarsa ta yi tabo, ba sauƙi. Daga baya aka ba su shawarar asibitin masu irin wannan ciwo a can wajen Sakkwato. Can ne barci ya dawo, muryoyin suka yi ta ja da baya har suka yi tsit. Yana kwance aka yanke Kebbi ta zama jiha. Ya bar gida yana ɗan jihar Sakkwato, ya dawo ɗan jihar Kebbi, ɗakin nan dai shi ne, amma ƙusar da yake rataye wuƙarsa ba komai a jikinta.

Yana shan ƙwayoyinsa, yana komawa ganin likita idan lokaci ya yi. Likitan da bakinsa ya ce ya koma sana'arsa. To, likita ba shi ne mahauta ba. Alu ya sama masa aikin lodin buhunan albasa a kasuwar Aliero, ya ce ya riƙe wannan tukuna. Wannan tukuna ɗin ta cinye damina ta cinye rani, ta sake kama wata daminar. Mutumin da ubansa ya koya wa fiɗa tun bai kai tsawon akuya ba, shi ne yake dawowa gida yana warin buhu. Abin yana ci masa rai ƙwarai, don a ganinsa muddin ba a ba shi wuƙa ba, to har yanzu ba a yarda ya dawo ba.

Rannan dai ya kasa daurewa. Umaima tana da tsohon ciki, ta durƙusa ta ajiye masa akushi, ya juya miyar da yatsa ya ce, "Umaima, albasar ga, har yau turmi?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta fi narkewa haka, Malam."

"Tsorona kike ji?"

Ta ce, "Ba kai nike tsoro ba. Ranar nan nike tsoro. In na rufe ido sai in gan ta."

Bai yi fushi ba. Da ƙarya ta yi masa, da ya samu abin kamawa. Gaskiya ta faɗa, ita ce kuma ta fi zafi.

Allah ya sauke ta lafiya, aka samu ɗa namiji. Ɗahiru ya je kara da kansa ya zaɓo rago, ya shafa ƙirjinsa, ya matsa gindin wutsiya, hannunsa bai manta komai ba. Ana gobe suna da la'asar, Alu ya kira shi zaure ya ce ya riga ya yi wa Usmanu magana, shi zai zo ya feɗe ragon. Usmanu maƙwabcinsu ne, mahauci ne shi ma.

"Yaya," in ji Ɗahiru, "ragon ɗana ne fa. A gidanmu a kira wani ya yi fiɗa?"

"Ɗahiru, ka yi haƙuri. Gida zai cika da mata da yara. Surukarka ta taho tun daga Giwa Tazo. Ko ni na yarda, su fa?"

"Kai ɗin ka yarda?"

Alu mutumin kirki ne, shi ya yi ta jigila da ƙaninsa lokacin da wasu 'yan uwa ko leƙe ba su yi ba. Amma ya kau da kai ya shiga gyaran tabarma, Ɗahiru kuwa ya ji amsarsa.

Da safe aka taru a ƙofar gida, aka raba goro, liman ya raɗa wa yaro Zaharaddeen. Limamin ya yanka ragon da wuƙarsa, ya goge ta, ya mayar kube da wani irin sauri, ya tura cikin riga. Wataƙila haka yake yi ko'ina. Amma Ɗahiru ya gani, ya kuma ga yadda masu yi masa barka suke miƙo hannu daga nesa.

Aka ɗauko ragon aka shigo da shi tsakar gida, aka shimfiɗe ƙarƙashin darbejiya. Usmanu ya tsuguna yana warware wuƙaƙensa, kunya duk ta ishe shi, ya kasa haɗa ido da mai ragon. Ɗahiru yana tsaye jikin bango, hannuwansa a baya, kamar baƙon da ya zo cin suna. Nan ya yanke a ransa cewa ba zai ƙara roƙo ba. Lodin albasa ne rabonsa, shi ke nan.

Sai labulen ɗakin mai jego ya ɗaga. Umaima ta fito, jariri a kafaɗarta, ɗaya hannun riƙe da wani abu a naɗe cikin tsohon kallabi. Mahaifiyarta ta biyo ta tana salati. "Ke Umaima! Mai jego a tsakar gida gaban maza? Mi kika ɗauko?"

Ba ta juya ba. Ta ce, "Malam Usmanu, ka yi mani aikin gafara, ɗan dakata."

Ta tsaya gaban mijinta ta girgiza kallabin ya faɗi. Wuƙarsa ce, mai mariƙin ƙaho, wadda ubansa ya bar masa. Ashe a gindin kwallar jerenta take. Ɗahiru ya zaci zai ga tsatsa ta cinye ta, sai ya ga tana sheƙi. Man gyaɗa ne a jikinta, yadda shi kansa yake shafa mata bayan aiki. Matar da ba ta iya kallon wuƙar nan, ita ce take fito da ita a ɓoye tana shafa mata mai.

Marigayi uban su Ɗahiru yana da doka wadda duk wanda ya zauna gidan ya sani: ba a miƙa wa mutum wuƙa ta tsini. Ka ba shi mariƙi, tsinin ya dubi naka jikin. Umaima ta juya wuƙar. Mariƙin ya dubi Ɗahiru, tsinin ya dubi ƙirjinta, inda ƙafafun jaririn suke reto.

"Karɓa, Malam," ta ce. "Ragon ɗanka yana jiranka."

Wata mata ta ja 'yarta baya. Ɗahiru ya karɓa a hankali, ya yi ƙasa da tsinin, hawaye ya cika masa ido har sai da ya goge da kafaɗa kafin ya ga ragon. Ya yi bisimilla ya tsuguna. Hannunsa ya ɗan yi nauyi, ya ma huda fatar a wajen cinya, abin da a da ba ya yi. Alu ya tsaya kallo, can ya naɗe hannun riga ya zo ya riƙe masa ƙafar ragon.

Kada ka ce kowa ya huce. Akwai waɗanda suka sulale tun kafin a soya nama, surukar tasa ma yini ta yi fuskarta a murtuke. Ba a rana ɗaya ake gyara irin wannan ba.

Da ya gama, ya wanke wuƙar, ya shafa mata mai, ya naɗe ta cikin kallabin nan. Ya je ƙofar ɗaki ya yi sallama, ya miƙa wa Umaima, mariƙin yana dubanta. "Ungo, mayar inda kike ajiye ta."

Ta dubi wuƙar, ta dubi ƙusar da ke bango. Ba ta karɓa ba. Ta laluba kwando ta ɗauko albasa, ta mirgino masa a kan tabarma.

"Ga ƙusarta can," ta ce. "Amma yanka mani wagga tukuna. Na gaji da daka."