Ranar da Habsatu Ta Kira Sunansa

Ni na fara gani. Kafin majo, malamin jinya na asibiti, kafin likitan da aka ce ya yi karatu a ƙasar Turawa, kafin 'ya'yan da ta haifa da cikinta, ni Ciɗo na Barmu na gani, ni da ban taɓa zama bencin lakwal, makarantar boko, ba ko na yini guda. Mutumin da ya kora shanu da ƙafa daga Adar har Ikko, yunwar da ta share garkunan arewa ta wuce ta bar shi tsaye, wadda ta biyo bayanta ma ta bar shi, ba a koya masa kallon fuskar mai shirin tafiya.

Shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa ce. Matata Habsatu tana kwance a asibiti a Tawa, ciki ya kumbura, ƙafafu sun kumbura, ko ruwa sai an ɗiga mata da cokali. Muna zaune a gindin itacen bedi tare da sauran masu jinya, ni da ɗiyarmu Sauda da yayanta, ɗanmu na fari. Malamin makaranta ne a Yamai, kowa Mushe yake ce masa, yadda ake kiran malamai da Faransanci, ni ma haka zan ce masa a nan. Ɗan fari ne, sunansa bai taɓa fitowa daga bakina ba, balle na uwarsa. Tun yana yaro, in za ta ba shi abinci sai ta ajiye ta kau da kai. Yajin aikin malamai ne ya ba shi sarari ya zo jinya.

Da hantsin ranar Asabar Sauda ta fito da gudu, mayafi a hannu.

"Baba! Baba, taho ka gani! Inna ta tashi zaune!"

Na shiga. Ga ta kuwa zaune, ta jingina da bango, ido tar. Ta ce fura take so, mai nono da yawa, ba irin ta Tawa da ake tsinkawa kamar ruwan wanki ba. Matan ɗakin suka kwashe da dariya. Ta sha rabin ƙwarya. Ta ce a ba ta kwalli, ta sa. Ta tambayi Sauda wa aka bar wa awakinta a Barmu, da ta ji sunan maƙwabciyar ta ce, "To, sun rame ke nan." Majo ya zo ya taɓa hannunta, ya ce allurar jiya ce ta kama.

Mushe yana tsaye bakin ƙofa, inda ya saba tsayawa. Sai ta dube shi, ido cikin ido, ta ce:

"Yunusu, matso nan."

Bakinta ne ya faɗa, ni maimaitawa kawai na yi.

Ɗaki ya ɓarke da hayaniya. Wata tsohuwa ta gadon gefe ta tafa hannu ta ce, "Kai, yau Habsatu ta sayar da kunya ta sayi lafiya!" Sauda tana dariya tana share hawaye. Shi kuwa ya durƙusa gaban gadon, ƙato da gemu, uwarsa ta ɗora hannu a kansa tana shafawa, tana cewa ya yi furfura da wuri, ya rage yawan tunani.

Ni kaɗai ban yi murna ba. Matar da ta riƙe kunyar nan tun haihuwarta ta fari ba ta ajiye ta don ta ji sauƙi. Mutum yana ajiye irin wannan kaya ne in ya ga inda za shi ba a shiga da su. Na ga haka ga mahaifina. Na ga haka a sansanin yunwa, mutum ya tashi da safe yana raha yana neman taba, kafin rana ta faɗi an rufe shi.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne maganar da na ji daga bakin Mushe kansa ranar Alhamis. Bayan magariba wuta ta ɗauke a unguwar, sama ta cika da taurari kamar a daji. Sauda ta ce masa, "Yaya, wai mi kake koya wa yara kan waɗannan? Ba dai ga su nan ba?" Na juya musu baya ina cin goro, amma kunnena yana wurinsu.

Ya ce mata can nesa, bayan duk waɗanda ido ke gani, akwai taurari garke-garke, kowane garke ya fi ƙarfin ƙirga. Wani garken tsoho ne, taurarinsa sun tsufa, haskensu ya yi ja-ja ya dushe. To wani lokaci sai a haifi sababbi a cikinsa gaba ɗaya, manya, masu farin haske da ke ɗaukar ido. Ba su da yawa, amma haskensu sai ya rufe na tsofaffin duka. Mai hange daga nesa sai ya rantse garken yaro ne. Har masana da na'urorinsu, in ba su yi hankali ba, sai su rage masa shekaru.

"Daga nan fa?" in ji Sauda.

"Manyan nan ba su daɗewa. Da sauri suke ƙonewa. In sun mutu sai tsohon hasken ya koma yadda yake."

A raina na ce, wannan ai dillalan kasuwar Barmu sun riga Turawa saninsa. A jera 'yan bijimai masu sheƙi a gaba, tsofaffin shanu a baya, baƙo ya sayi garke. Ban san kwana biyu kaɗai za a yi in ga abin a kan gadon matata ba.

Ga kuma ɗayar matsalar. Ranar Juma'a wani direba ya kawo saƙo daga darektan makarantarsu: an janye yajin aiki, wanda bai bayyana ranar Litinin ba kada ya sake zuwa. Mushe ya ce ba inda za shi uwarsa na wannan hali, kome za a yi a yi. Aikin nan kuwa shi ke riƙe da matarsa da 'ya'yansa a Yamai, shi ke riƙe da mu a Barmu duk shekarar da gero ya ƙi. Yanzu da ta tashi ta sha fura, sai na ji ta da bakinta tana ce masa:

"Ka koma wurin aikinka. Ka ga na warke. In an sallame ni Sauda ta aiko maka."

Na fita. Na bi ta bakin tasha na shiga kasuwa, na tsaya rumfar Tanko Bamarade mai yadi. Na ce ya auno mini farin alawayyo, na faɗa masa tsawon. Ya ajiye almakashi.

"Inna lillahi. Baba Ciɗo, wa muka rasa?"

"Ba kowa."

"To na mine ne?"

"Kai dai auna. Kuma mai kauri, ba wanda ake hango rana ta cikinsa ba."

Ya auna yana satar kallona. Ya naɗe cikin takardar siminti, na sa a hammata.

Da na koma Mushe ya riga ya ɗaure jakarsa. Na ja Sauda gefe, don ta bakinta na saba yi masa magana mai nauyi.

"Ce wa yayanki ya bari sai gobe."

"Baba, gobe in bai samu mota ba fa? Hanyar nan yini guda ce."

"Ce masa Asabar ba ranar tafiya ba ce."

"Yaushe ka fara wannan? Kai da kake cewa ka tafi Ikko ranar da kowa ya ce kada ka tafi?"

Yaya zan ce? Mace na zaune da kwalli a ido tana tambayar awakinta, in ce wa ɗiyarta uwarki ba ta kai gobe? Wannan mugun baki ne, in ya tabbata a ce ni na kira. In kuma bai tabbata ba, na raba yaro da aikinsa a shekarar da masu takarda ke yawo a titi babu abin yi. Ni ban taɓa kuskuren irin wannan gani ba, amma rai ba a hannuna yake ba.

Na ce zan raka shi tasha. Ya yi mamaki, don ban taɓa yi ba.

Motar Yamai ba ta cika ba, muka zauna kan benci a inuwar rumfa, shi can gefe ni nan gefe, muna kallon kamasho yana rigima da wata mai buhun albasa. Na ce tayoyin motar nan sun suɗe. Ya ce duk haka suke. Na ce direban yaro ne. Ya ce ya san shi. Na tattara duk abin da ke cikina, na ce ina kallon ƙasa:

"Garken nan da kake faɗa wa Sauda. Na taurari."

Ya juyo. "Ashe kana ji, Baba?"

"Tsoho, sai sababbi su taso cikinsa, haske ya rufe ido. Mai kallo ya ce ya koma yaro."

"Haka ne."

"Amma ba su daɗewa, ka ce."

"Ba su daɗewa."

"To wanda ya san haka, in ya ga hasken, ai sai ya dakata. Kada ya yi saurin yanke magana."

Fuskarsa ta washe, irin washewar da ban gani ba tun yana ƙarami. Ya ce, "Wallahi Baba, shekara nawa ina koyar da wannan, ɗaliban da suka kama shi kamar yadda ka kama ba su da yawa. Da an sa ka lakwal da ba mu san inda za ka tsaya ba." Ya yi dariya, ya ce sai ya ba abokan aikinsa labari.

Ni da ba a taɓa yaba mini na ƙi karɓa ba, ranar nan na kasa karɓar yabo.

Ƙunshin ya zame daga hammatata. Ya riga ni kai hannu.

"Kawo in riƙe maka." Ya ɗora shi kan gwiwarsa, ya ɗaga bakin takardar. "Yadi ka saya?"

"Riga zan ɗinka."

"Fari zai yi maka kyau. Ka sa ta ranar da za a sallami Inna, ku shiga Barmu kamar ango da amarya."

Yana magana yana shafa yadin da tafin hannu. Na zauna ina kallon hannun nan a kan farin nan har kamasho ya ƙwala kira. Ya miƙo mini, ya durƙusa ya yi sallama, ya shiga. Motar ta tashi, ya leƙo ta taga. Sunan ya taso mini tun daga ciki, ya zo har bayan haƙora. Na san in na kira shi zai sa a tsayar da motar, don zai gane, kamar yadda ya kamata ya gane da safe. Na ɗaga masa hannu kawai. Motar ta karya kwana ta bi hanyar Ƙwanni.

Da la'asar na iske Habsatu ta zame ta kwanta. Idon ya koma ciki, kwallin kaɗai ya rage a waje. Sauda ta tafi wanke ƙwarya. Na zauna bakin gadon, ƙunshin a cinyata.

"Ya tahi?" Muryar kamar daga ƙasan rijiya.

"Ya tafi."

"Madalla." Ta daɗe tana numfashi. "Na ji saƙon darektan nan jiya. Kuna zaton barci nike."

Ta miƙo yatsu ta taɓa takardar simintin, ta ɗan murza abin da ke ciki.

"Mai kauri ka sawo ko na araha?"

"Mai kauri."

"Ka kyauta," in ji ta. "Furar nan da ƙyar ta shiga, Ciɗo. Da ƙyar."

Ba ta ƙara magana ba. Ana kiran magariba Sauda ta fasa kuka. A lokacin motar ba ta ko kai Dogonduci ba, kuma ba mu da hanyar tsayar da ita. Saƙonmu ya same shi ranar Litinin yana gaban allo da alli a hannu. Har yau yana kan aikinsa, har yau kuma in ya zo Barmu yakan ce Allah ya ba shi sa'a ya rabu da uwarsa tana dariya. Bai taɓa tambayata ina farar rigar ba.

Habsatu dai ba na sa ta cikin lissafi, mai abu ai ba a tsere da shi. Amma duk sauran masu ido da ke cikin asibitin nan, da masu farar riga da masu takarda, ni na riga su. Wanda ya ce cika baki nake, Tanko yana nan da ransa a kasuwar Tawa, layin 'yan yadi. Ya je ya tambaye shi ko rana ta kai tsaka sa'ad da na sa ya auna, ya kuma tambayi Sauda me uwarta take yi a lokacin. In ya dawo ya same ni a Barmu, ya dube ni ya faɗa mini abin da shi zai yi a kan bencin nan.