Jan Allo a Gaban Tagar Yaya

Ni fa ba allo ne ya dame ni ba. Shekara goma sha ɗaya shagon ɗinkina ba ko harafi a goshinsa, kuma ban taɓa rasa aiki ba. Yayata nake so ta yi mini magana.

Tare muka buɗe shagon, ita ta koya mini riƙe almakashi. Wata rana, a gaban mata uku masu jiran awo, bakina ya kufce na ce yankanta ya tsufa, don ni ake zuwa. Washegari aka ɗauke kekenta aka hau da shi benen da take zaune, a tsallaken titi, daidai ƙofata. Shekara huɗu ke nan. Kullum ina hango ta ta taga, kai a sunkuye, tabarau a karan hanci, zare a baki. Kewarta na cin raina. Sau biyu ina kaiwa gindin matakalarta, girman kai ya juyo da ni.

Mai kemis ɗin da ke jikin shagona ne ya ba ni dabara bai sani ba. Ya shigo yana ta mita, wai ya nemi izinin kafa allo mai wuta, maƙwabcinsa ya ce hasken zai dame shi, ƙaramar hukuma ta kira su ta zaunar da su a teburi ɗaya har awa guda.

"Teburi ɗaya?" na ce.

"Gwiwa da gwiwa, wallahi. Ɗakin ma kamar akurki."

Da safe ina sakatariya. Malamin da ke karɓar takardu, wani siriri mai biro uku a aljihu, ya jero mini abin da ake buƙata: hoton gaban shago, zanen allon da tsawonsa da faɗinsa, launin wutar, da takardar mai haɗa wuta. Daga nan za a kai sanarwa duk gidan da tagarsa ke kallon allon, a ba su kwana ashirin da ɗaya.

"Malam, in wani ya ƙi fa?"

"Sai a kira ku zama. Amma kwantar da hankalinki, Hajiya. Ki zaɓi farar wuta mai sanyi, ba wanda zai ce komai."

Daga can na zarce wajen mai haɗa allo, na ce ja nake so, mai kawowa yana ɗaukewa, girmansa iyakar abin da doka ta yarda. Ya ajiye fensir ya dube ni.

"Hajiya, ɗinki kike yi ko gidan rawa za ki buɗe?"

"Ina ruwanka? Zana kawai."

Na san Yaya ciki da waje. Ja ko a zani ba ta ƙaunarsa, haske mai ƙarfi kuma ciwon kai yake tayar mata. Na tabbata za ta tafi ofishin nan tana huci, a kira mu, a rufe mu a ɗaki ɗaya. Ko zagi ne ina so, in dai da muryarta zan ji shi.

Ina gani masinja ya hau benen. Ina gani ta tsaya a bakin taga tana karanta takardar, ta nesanta ta da idonta yadda ta saba. Ba ta kalli shagona ba. Na shiga ƙirgen kwanaki. Har riga na ɗinka don ranar zaman, da irin yankan da ta koya mini, wanda na ce ya tsufa. In na taka keke, a raina ina ta shirya haƙurin da zan ba ta, in gyara nan in rage can.

Ranar da wa'adi ya cika na koma ofis. Malamin ya tare ni da fara'a.

"Barka, Hajiya! Na zaci wannan jan allon naki sai an kai ruwa rana, sai ga shi ba ƙorafi ko ɗaya. Matar benen ma da ƙafarta ta maido takardar, tun kwana na uku."

Ya juyo mini da ita. Ga sa hannun Yaya nan, a karkace kamar kullum.

"Ta ce wani abu?"

"Cewa ta yi kada a wahalar da ke, sana'arki ce."

Ya buga hatimi, ya miƙo mini yana jiran godiya. Da ƙyar na iya yi masa ita.

Mai hankali da a nan ya tsaya. Ni kuwa taurin kai ya ce mini abin da takarda ta kasa, wutar za ta yi. Na sa aka ƙera allon, aka kafa. Rana na faɗuwa mai haɗa wuta ya kunna. Titin ya yi ja, ya ɗauke, ya sake yin ja, har cikin ɗakin Yaya.

Ta ɗago kai. Ta miƙe ta zo bakin taga. Karon farko cikin shekara huɗu muka haɗa ido, na buɗe baki zan ce "Yaya". Sai ta sa hannu ta jawo wani labule da ban taɓa gani ba, baƙi, mai kauri, ninki biyu, an yanka shi daidai tagar, ba inda haske zai kurɗa. Ashe tun da ta sa hannu a takardar take shirinta.

"Kashe!" na ce wa mai wutar. "Don Allah kashe shi!"

Ya kashe yana kallona kamar na zare.

Yau wata biyar ke nan. Izinin na nan a aljihun teburina, ban ƙara kunna allon ba ko sau ɗaya. Duk safiya in na buɗe shago sai na ɗaga kai, labulen yana nan a rufe.