Karatun Kawu Ya Tsaya a Harafin D

Shekara da shekaru Anti mai shara tana goge benen otal ɗin nan a durƙushe, har gwiwoyinta suka fara ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Saboda haka ranar da manaja ya ce za a buɗe gurbi a teburin karɓar baƙi, kuma zai fara duba ma'aikatan gida, ba ta ji komai ba sai kalmar kujera. Sharaɗi ɗaya ne: a iya yi wa baƙo Turanci.

Nan ƙaddara ta haɗa ta da Kawu, ƙanin mahaifiyarta. Tsohon mai buga takardu ne a kotu, wanda ya yi ritaya da tabarau da wani ƙamus mai kauri da ya fi shi ƙiba. A unguwa Ƙamus ake ce masa, shi kuma ya ɗauka yabo ne.

"Ke dai ki gode wa Allah da kike da ni," in ji shi. "Turancin bakin titi ba Turanci ba ne. Daga tushe ake faro gini. Harafin A za mu gama kaf, sannan mu shiga B."

Tsarinsa ke nan, kuma yana ji da shi kamar shi ya ƙirƙiro haruffan. Kullum ta taso daga aiki sai ya zaunar da ita a barandarsa, ya jefo kalma. Ita kuma ta faɗi ma'anarta, ta zarce da ta bayanta da ma'anarta, da ta bayan wannan, har sai ya buga sanda a ƙasa. Kalmomin da suka haɗa harafin farko, a cewarsa, 'yan uwa ne, kuma zunubi ne a raba zumunci.

Haka Anti ta san sunan mahauta da Turanci, da sunan allon duwatsun lissafi, da na wani tsuntsun teku da ba ta taɓa gani ba kuma ba ta fatan gani. Gado da wanka da jaka sun samu shiga, don Allah ya taimake su da B suka fara. Amma ɗaki da makulli da ruwa da tawul, abin da ake ambata a otal tun safe har yamma, duk suna can gaba a littafin suna jiran layi.

Ta yi ƙorafi sau ɗaya. "Kawu, ko za mu ɗan tsallaka mu ɗauko na aikina? Lokaci fa yana tafiya."

Ya leƙo ta saman tabarau. "Gaggawa aikin shaiɗan. Sannu ba ta hana zuwa."

Ya manta ƙarashen maganar, cewa sai dai a daɗe ba a je ba. Ita ma ba ta tuna masa ba, don gaskiyar magana abin ya fara yi mata daɗi. Ta shiga yi wa sauran masu shara kallon jahilai, tana wanke baho tana jero kalmomi a ƙasan maƙoshi. Ba Kawu kaɗai ke da laifi a wannan labari ba.

Suna tsakiyar D aka kira ta gwaji.

Ta sha guga, ta tsaya a bayan teburin, hannunta a kan kujerar da take mafarki. Manaja ya fita waje, ya dawo yana jan akwati kamar baƙo, kansa yana sheƙi a ƙarƙashin fitila. Ya yi gaisuwa, ya zubo Turanci. Daga baya ne aka gaya mata cewa ɗaki ya nema mai ruwan zafi, kuma a tashe shi gobe da wuri. Ita kam ji ta yi kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ta yi ta kasa kunne ko wani ɗan gidan A ko C zai leƙo, shiru.

Can ya nuna akwatin, ya ambaci jaka. Zuciyarta ta yi fari, ga ɗan gida. Bakinta ya buɗe da kansa, yadda aka hore shi. Ta faɗi kalmar, ta ce jaka. Ta faɗi ta bayanta, ta ce kayan tafiya. Ta zarce: algaita mai jakar iska, belin mai laifi, abincin ƙugiyar kamun kifi, gashi a tanda. Ba wanda ya buga sanda, don haka ba ta tsaya ba. Ta dubi manaja ido cikin ido, ta rangaɗa ta gaba, ta ce sanƙo.

Mai gadi da ke bakin ƙofa ya tsuguna don dariya. Manaja ya shafa kansa a hankali.

"Sannu da ƙoƙari," ya ce da Hausa. "Ki koma bakin aikinki."

Kunya ta rufe ta, irin wadda ke sa mutum ya nemi ƙasa ta tsage. Da yamma ta tarar da Kawu a baranda, ƙamus a cinya. Ya saurari labarin yana kaɗa ƙafa, ko gezau.

"Ɗaki? Ai wannan a R yake. Ruwa kuwa W. Zalunci ne, sun yi miki tambaya a inda ba mu kai ba. Ki ce su jira."

"Su jira har yaushe, Kawu?"

Ya kama shafukan da suka rage da yatsu biyu, ya auna kaurinsu, ya taɓe baki. "In kin dage, kafin ki yi jika mun gama. Amma kin ce ba ki tsallake ko ɗaya ba a jerin jaka?"

"Ban tsallake ba."

"To, alhamdulillahi. Ba ki ba ni kunya ba."

Mako na zagayowa aka ɗauko wata yarinya daga waje, sa'ar 'yarta, aka ba ta teburin. Da safe Anti tana saukowa da bokiti, yarinyar ta ɗaga ƙafafunta daga ƙasa ba tare da ta tashi ba.

"Mama, don Allah ɗan goge mini ƙarƙashin kujerar nan."

Anti ta ajiye bokitin, ta dafa gefen teburin, ta durƙusa a hankali.