Ciyawar da Kaka Vaclav Ya Bari

A garinmu, nan gabashin jihar Nebraska ta Amurka, ba a tambayar halin namiji. Mota ake shiga ranar Lahadi bayan an taso daga coci, a bi gefen gonarsa a hankali, a dubi layin huɗarsa. In layin ya miƙe, mutumin kirki ne, ko da kuwa ba ya gaida kowa. In ya karkace, an samu abin taɓa baki har kaka. Mijina Delmar Hruska shekara arba'in da ɗaya yana noma, ba a taɓa kama shi da karkataccen layi ba. Na san haka domin shi da kansa yake tuna mini, aƙalla sau biyu a mako.

Amma wurin da ya fi so a gonar shi ne inda bai taɓa nomawa ba. Eka tara ne a kan tudu, bayan rumbun masara. Kakansa Vaclav, da ya zo daga ƙasar Bohemia, can ƙetaren teku, ya kama filin nan, ya fasa ko'ina da garma, ya bar wannan tudu. Babu wanda ya san dalilinsa. Uban Delmar ma ya bari, Delmar ya bari. Ciyawar asali ce, wadda ɓauna ke ci tun mutanen Pawnee, 'yan asalin ƙasar, suna farauta a nan, kafin a kore su. Tana kaiwa ƙugu, saiwarta ta fi tsayin mutum, kuma duk manomi ya san in garma ta yanka ta ba ta dawowa, don ƙaya da baƙuwar ciyawa ta wurin yankan suke shiga. Sau ɗaya a shekara yake yankar wa shanu ita. Sauran lokaci zuwa yake ya tsaya a tsakiyarta, hannu a aljihu. In na tambaye shi sai ya ce shinge ya je dubawa, alhali babu shinge a wurin.

A shekarar 1977 masu shirya fim na talabijin suka zo. Wani dogon shiri suke yi mai kashi goma, kan yadda kakanninmu suka nauso yamma a keken shanu suka kafa garuruwa. Daraktan, wani siriri mai suna Garrity, ya zauna a kicin ɗina ya cinye kolache huɗu, wainarmu ta 'yan Bohemia, kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Jihohi uku ya zaga yana neman ƙasar da ba a taɓa nomawa ba, wadda babu turken wutar lantarki a bayanta.

"Layi ɗaya kawai, Mista Hruska," in ji shi. "Sabon zuwa ya kafa garma a ƙasa karon farko. Shi ke nan. Ko minti ɗaya ba zai kai ba."

"A'a," in ji Delmar.

Da a nan aka tsaya da ban sami labarin bayarwa ba. Sai dai a hanyar raka shi mota, Garrity ya hango tsohuwar garmar Kaka Vaclav rataye a rumfar shanu. Ya shafa ta, ya ce ai da wannan za a yi, Amurka duka ta gan ta. Na ga kunnuwan mijina sun yi ja, na san an gama da shi.

"Layi ɗaya a gefe ba zai kashe ta ba, Ardith," ya ce mini da muka koma ciki.

"Ciyawar kakanka ce," na ce. "Kai ka sani."

Ranar ɗaukar hoton, a ƙarshen Agusta, garin kaf ya watso. Motoci sun yi layi a bakin hanya. Maƙwabcinmu Lumir Vondra, wanda tun suna makaranta shi da Delmar suke tsokanar juna, har da kujerarsa ya zo. An kawo shanun huɗa biyu, an sa wa jarumin shirin tsummar riga. Dogo ne ɗan California, haƙora farare tas, bai taɓa riƙe ko da fartanya ba. Ya kama garma, shanu suka ja, suka yi inda suka ga dama da shi. Layin ya fito kamar sawun maciji.

"Ya yi!" Garrity ya ɗaga murya. "Madalla. Ku tattara kaya."

Sai ga muryar Lumir daga bakin hanya. "Kai, Delmar! Idona ne, ko wancan layin a gonar Hruska yake? To sannu! Har 'yan New York za su gani!"

Aka fashe da dariya. Delmar ya taka har gaban kyamara.

"Ba za a nuna wannan ba," ya ce. "A gonata, da garmar kakana? Bari in koya wa yaron nan, a sake."

Garrity ya ɗaga kafaɗa, ya ce rana na nan, in dai mai gona ya yarda. Mai kyamara ne ya yi bayani: sai an matsa taki talatin zuwa ciki, don kada layin farko ya fito a hoto. Na ji, Delmar ma ya ji. Na ja hannun rigarsa.

"Ka ji abin da ya ce kuwa? Ciki za a shiga."

"Ɗaya za a ƙara, Ardith. Ɗaya tak."

Ya kafa sanda can ƙarshen tudu, ya ɗaura mata farin ƙyalle. Ya ce wa jarumin, "Daina kallon garmar, ɗana, ba inda za ta gudu. Ƙyallen can za ka sa wa ido, ta tsakanin shanun. Kar ka waiwaya." Gaskiya ya iya koyarwa. Layi na biyu ya fi na farko, sai dai ya ɗan lanƙwashe a ƙarshe. Na uku dutse ya ture bakin garmar. Na huɗu ya kusa, kuma babu abin da ke tayar wa Delmar da hankali kamar abin da ya kusa. Duk layin da aka gama sai 'yan bakin hanya su yi masa hukunci da ihu, shi kuwa ya tumɓuke sandarsa ya matsa.

Da rana ta take na kai wa Garrity kofi. Ya karɓa, ya rage murya.

"Uwargida, na farkon nan za mu sa. Mutumin da ya sauka jiya daga keken shanu ai bai iya huɗa ba. Na faɗa wa maigidanki, bai saurare ni ba."

Na je na samu Delmar yana shafa wa jarumin man shanu a tafin hannu, duk sun yi bororo. Na maimaita masa maganar kalma da kalma.

"In sun ga mai kyau za su canza shawara," ya ce. Ko ɗago kai bai yi ba.

Na yi fushi, na koma kicin, kuma har yau ina jin haushin kaina da na koma. Da na tsaya a gaban shanun nan da babu mai iya ɗaga ni. Amma shekara talatin da takwas da aurenmu na saba barinsa ya yi taurin kansa ya gaji, ban yi tunanin wannan ba irin wanda ake gyarawa gobe ba ne.

Wajen ƙarfe huɗu na ji tafi da fito. Layi na ashirin da uku ya miƙe ɗoɗar daga farko har ƙyalle. Lumir ya cire hula ya ɗaga masa. Ta taga na ga Delmar yana dariya, sannan ya juyo don ya dawo gida, ya tsaya cak. Tun safe gabansa yake kallo, sai a lokacin ya dubi baya. An tsattsaga tudun daga wannan gefe zuwa wancan, a tsaye da a kwance, ga sawun manyan motoci a tsakani.

Kwana tara ya yi a durƙushe yana juya ɓawon ƙasar da hannu, yana mayar da ciyawar sama, yana dannawa da gwiwa. Na taya shi, muka yi ta jigilar ruwa a tankin tarakta. Ba a yi ruwan sama ba sai Oktoba. Da bazara ta zagayo ƙaya ta tsiro a kowane layi, baƙuwar ciyawa ta biyo ta, tana yaɗuwa dama da hagu. Ya daina zuwa duba shinge.

An fara nuna shirin a kakar da ta biyo, kowace Lahadi ƙarfe bakwai. Mu ke da talabijin mai launi, saboda haka falona ya cika. A kashi na biyu aka zo wurin. Ga jarumin, ga shanu, ga layin nan na farko yana tafiya a karkace.

"Ga shi nan!" Lumir ya bugi cinya. "Noman gidan Hruska!"

Kowa ya yi dariya, har da ni, don na ɗauka Delmar zai rama kamar kullum. Da na dube shi sai na ga ba layin yake kallo ba. A bayan jarumin tudun ne gaba ɗayansa, lafiyayye, ciyawa har ƙugu, iska tana kwantar da ita tana tashi, ta yi ja-ja a hasken safiya. Ya miƙe daga kujera, ya matsa kusa da akwatin. Kafin ya kai, an yanke, an sa tallan sabulu.

Dariyar ta tsaya. Lumir ya dubi kofinsa.

"Ardith," in ji Delmar, yana tsaye har lokacin, "za su ƙara nuna wurin nan?"

Na ce ban sani ba.

Saura kashi takwas. Shi da ba ya iya zaman kallon komai in ba rahoton yanayi ba, kowace Lahadi tun shida da rabi yake jawo kujera gaban talabijin. Bai san sunan kowa a labarin ba, bai san wa ya mutu wa ya yi aure ba. Bayan mutanen yake kallo, ko za a gifta ta tudun. Har aka kai kashi na goma, aka rubuta sunayen masu shiri, tudun bai fito ba.