Awon Basira

"Ɗaga hannu, Ladi, ba sata za a yi miki a hammata ba," in ji Inna Shekara.

Mas'uda tela ta tsaya da tef a wuya tana kallon mutum ukun da tsohuwar ta jero mata a shago tun da hantsi. Riga ɗaya ake so, mai kama jiki, kuma mai rigar ba ta cikinsu. Basira, autar Inna Shekara, ta yi shekaru a Aljeriya wajen neman abinci, yau da la'asar motarta za ta sauka tashar Matameye. Uwar ta rantse ba za 'yarta ta shiga gari da tsumman hanya ba. Ta fito da shaddar da ta daɗe tana ɓoyo a ƙasan akwati, ba ta da wata.

"Inna, ki kira ta mana ta faɗi awonta," in ji Mas'uda.

"Ni da na haife ta zan tambaye ta faɗin kafaɗarta? Wallahi ba a yi ranar ba. Ga kafaɗar nan, ta gwaggonta ce sak."

Mas'uda ta auna kafaɗar Gwaggo Ladi, ta shimfiɗa takardar buhun siminti a tebur, ta ja layi da alli. Ƙirji kuma aka ce na Habsatu ne, 'yar ƙanwar Inna, wadda aka ɗauko daga Kance a kan babur tana tsakiyar daka. Habsatu ta sunkuyar da kai don kunya, ta ja numfashi ta riƙe.

"Saki cikinki, Basira ba ta rowar jiki!" in ji Inna Shekara.

Da aka zo ƙugu, Inna Shekara ta tura na ukun gaba. Cha'ibu ne, yayan Basira, ƙato mai gemu, mai facin taya a bakin tasha.

"Haba Inna! Namiji?" in ji Mas'uda.

"Nono ɗaya suka sha. Auna."

Cha'ibu ya ɗaga hannuwa sama ya ƙura wa rufin kwano ido, masu wucewa suna leƙe suna dariya. Mas'uda ta zagaya shi da tef tana salati a ranta.

"Saura wuya da tsawon baya."

"Wuyan na marigayi ne," in ji tsohuwar, ta zaro tsohuwar taguwar mijinta daga leda. "Bayan kuwa nawa ne, amma kafin in ranƙwafa. Ki ƙara kaɗan."

Abin da ya fito a takardar ya ba Mas'uda tsoro. Kafaɗa ta yi gabas, ƙugu ya yi yamma, ramin hannu ya ƙi haɗuwa da kowa. Ta goge, ta sake ja, ta tsuke ƙasan ƙirji, ta lanƙwasa gefe har layukan suka yarda da juna. In ta sa almakashi a shaddar nan shi ke nan, babu gyara. Ta dubi tsohuwar, ta ga yadda take shafa takardar da tafin hannu, sai tausayi ya kama ta. Ta yi bismilla ta yanka.

Keken ɗinkin bai huta ba har la'asar. Tana cire zaren ƙarshe Cha'ibu ya shigo da jaka a ka, wata mace a bayansa.

Mas'uda ba ta gane ta ba. Basirar da ta sani mai kumatu ce. Wannan kuwa duk ƙasusuwan wuyanta a waje, awarwaro yana yawo har gwiwar hannu. Inna Shekara ta rungume ta, sannan ta ja ta bayan labule ta zura mata rigar.

Basira ta fito tana iyo a ciki. Kafaɗar gwaggo ta zubo mata har damtse, wurin Habsatu ya lotsa, ƙugun Cha'ibu zai ɗauki irinta biyu. Ta dubi kanta a madubi ta yi dariya, sai dariyar ta katse, ta kau da kai.

"Ba komai, Inna," in ji Mas'uda da sauri, ta jawo tef. "Yanzu zan auna ta in rage."

Tsohuwar ta riƙe mata hannu gam.

"Kada ki taɓa. Rigar daidai take." Ta gyara wa 'yarta wuyan rigar, idonta ya ciko. "Habsatu, je ki ɗora tukunya."