Fumfuna a Babban Tanki

A kamfanin lemon kwalba, kowa da abin da yake faɗa a kan Dakta. Direbobi suna cewa shekara tara ke nan tana kiwon abin da mata ke zubarwa a shara. Yayarta ta ce, "Wai fumfuna! Duk karatun nan a ruɓaɓɓen burodi ya ƙare." Injiniya kuwa, mai kula da tankuna, ko a gabanta dariya yake yi.

So take fumfunar ta ci ɓawon lemon da ake jibgewa bayan katanga, ta fitar da sinadarin tsami da kamfanin ke sayowa daga waje. A kwalbar gwaji abin na tafiya sumul. A babban tanki kuwa sau uku fumfunar na mutuwa. Manaja ya ce gwaji na huɗu shi ne na ƙarshe, in ya ƙi a rufe ɗakin bincikenta.

Dakta ta ɗebo ragowar gwaji na ukun ta duba a na'urar ƙara girma. Zaren fumfunar duk ya guntule, kamar an bi shi da almakashi. Ta sauka wajen tankuna.

"Injiniya, farfelarka mai dama ruwan tanki ce ke yanka min su. A rage gudunta rabi."

"Haba Dakta! Shekara ashirin ina juya tankin nan. In na rage, 'ya'yan naki su shaƙe, ki ce ni na kashe su."

"Ƙara musu iska ta bututu, ka bar musu wuyansu."

Ya ce sai dai a rubuce. Ta rubuta, ta sa hannu a gabansa.

Kwana shida farfelar na juyawa a hankali. Ran na bakwai ta ɗebi ruwan ta auna, ta sake aunawa, sannan ta rubuta adadin tsamin a jikin allo. Ya zarce na kwalbar gwaji.

Ma'aikata suka kaure da ihu, wani na dukan durom da sifana. Manaja ya sauko a guje, takalmi ƙafa ɗaya.

Injiniya ya daɗe yana kallon allon. Ya cire hular kwanonsa, ya yi gyaran murya har aka yi tsit.

"Sau uku injina na yanka miki aiki, ni kuma ina ta dariya. Dakta, ki yafe min."