Kular Malam Kwalba

Dutse na farko a kafaɗa ya sami Malam Kwalba, amma bai saki kular sanyaya kwalabensa da ya rungumo ba. Mai ƙanƙara tana bakin shagonta da guduma a hannu, sai ta hango maƙwabcin nata ya shigo layin a guje, masunta sun fi ashirin a bayansa, wasu da filafilin kwalekwale, wasu da duwatsu.

"Shi ne! Shi ya zuba wa teku guba!"

Kwana uku ke nan ruwan teku ya yi jawur, matattun kifaye sun cika gaɓa, wari har cikin ɗaki. Mai jin yunwa kuwa ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi. Yau sun tarar da shi a bakin ruwa yana ɗiga magani cikin kwalabensa, ga hoton ƙoƙon kan mutum a jikin robar maganin. Shi ke nan, an gama shari'a.

Ita ta san maganin nan. Shekara tara suna katanga ɗaya. Duk farkon wata yakan ɗebo ruwan teku ya kai jami'a, wai akwai halittu a ciki da ido ba ya gani, yana karanta ƙwayoyin gadonsu a na'ura. Maganin a kwalba yake tsayawa, don kada halittun su ruɓe. Ita ke ba shi ƙanƙara, tana tsokanarsa: "Mutane na kamun kifi, kai kana kamun ruwa!" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, cokali ɗaya na ruwan nan ya fi kasuwa cika."

Ta yar da gudumar ta shiga tsakani.

"Ku ji tsoron Allah! Ba shi ya bi ku tun watan jiya yana cewa ruwan zai yi ja ba?"

"To ya aka yi ya sani, in ba aikinsa ba ne?" in ji wani mai tabo a goshi. Ya hankaɗe ta, bakinta ya daki bakin kwata, ta ji gishirin jini.

Filafili ya sauka a ƙeyar Malam, ƙum! Ya kife a kan kular ya rufe ta da cikinsa. Suka yi ta jibga, suna tattaka shi da ƙafa. Da ya kare kansa da hannuwan nan biyu, wataƙila da ya sha. Amma ina! Bawan Allah kwalabe yake karewa. Haushinsa ya kama ta, tausayinsa ya fi.

Jiniyar 'yan sanda ce ta watsa su. Ta ja gwiwa ta ɗora kansa a cinyarta, jini na bin kunnensa.

"Yaya… kular. Kada ta yi zafi. Ruwan yau ne zai nuna abin da ya kashe kifin."

"Rufe mini baki, asibiti za mu."

"Ki ƙara ƙanƙara."

Ko ƙofar asibitin ba su kai ba ya cika.

Da ta dawo, layin tsit, kowa ya rufe ƙofarsa. Abokan aikinsa sun ce sai gobe za su zo. Ta jawo kular cikin shago, ta goge jinin da ke kan murfin da gefen zanenta, ta buɗe. Kwalabe goma sha biyu, kowace da kwanan wata a ƙananan rubutunsa, ko ɗaya ba ta fashe ba.

Ta ɗauko gudumarta daga ƙasa, ta fasa ƙanƙara ƙanana-ƙanana yadda yake so, ta cusa tsakanin kwalaben, ta mayar da murfin a hankali.